Gwamnati da Manyan Kamfanonin Fasaha: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Sakkwato da Amsoshinsu

Tun ranar da aka ji a rediyo cewa Najeriya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, maganar nan ba ta bar majalisun gari ba. Ana yinta a shagunan masu gyaran waya, ana yinta a bakin teburin masu POS, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma suna ja-in-ja a kanta a motar komawa gari. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke dawowa, shi ya sa na tara su wuri guda, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Dokar hana babakere da dokar kare bayanai, abu ɗaya ne?

A'a, dokoki biyu ne, kowace da aikinta. Ta hana babakere kasuwa take tsaro, don kada wani ya yi ƙarfin da zai toshe wa saura hanya, ya ɗora wa mai saye abin da ya ga dama. Ta kare bayanai kuwa mutum take tsaro: sunansa, lambarsa, hotonsa, inda yake kwana, da wa yake magana, wa ke da ikon riƙe waɗannan, kuma don me.

A kan manyan kamfanonin fasaha ne igiyoyin biyu suka haɗu. Kamfanin da ya fi kowa tara bayanai shi ya fi iya sayar da talla, kuɗin tallan ya ƙara masa ƙarfi, ƙarfin ya sa mutane ba su da wurin gudu, rashin wurin gudun kuma ya sa suna miƙa bayanansu ko suna so ko ba sa so. Shi ya sa a shari'ar Meta hukumomi biyu suka yi aiki tare, kamar yadda za a gani a amsar tarar.

Ban taɓa biyan Facebook ko WhatsApp ko sisi ba. To ina cutar take?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kusan duk kuɗin da Meta ke samu daga talla yake fitowa, Google ma mafi yawan nasa haka ne. Abin da suke sayar wa mai talla shi ne hankalinka da sanin ko kai wane ne: namiji ne ko mace, shekarunka, kana Sakkwato ko Illela, kana neman babur ko kana shirin aure. Kai kana biya da bayananka, da lokacinka, da datar da ka saya da guminka.

Wannan ba ya nufin ba su da amfani. Matan aure nawa ne a Mabera da Arkilla suke sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗaki ta hanyar sa hoto a WhatsApp? Dillalin albasa yana tura wa abokin cinikinsa na Kudu hoton buhu kafin mota ta tashi. Amfanin ne ma ya sa maganar ta yi nauyi, domin abin da abincin mutum ya rataya a kai bai kamata a bar shi a hannun wanda ba mai iya ce masa don me ba.

Wane irin bayani suke ɗauka? Suna karanta saƙonnina ne?

Saƙon WhatsApp tsakaninka da ɗan'uwanka a kulle yake tafiya daga wayarka zuwa tasa, kamfanin bai da mabuɗin. Amma abin da ke kewaye da saƙon a buɗe yake gare su: lambarka, lambobin da ke wayarka idan ka ba da izini, irin wayar da kake riƙe, lokacin da kake hawa, sunayen zaurukan da kake ciki. Ko ba a ji abin da ka faɗa ba, wanda ya san gidajen da kake shiga kullum da lokacin shigarka ya san rabin sirrinka.

A Facebook da Instagram da TikTok abin ya fi haka yawa. Ana lissafa bidiyon da ka tsaya a kai da wanda ka wuce, da abin da ka nema, da wanda ka bi. Wayar Android kuma, idan an bar ma'aunin wuri a kunne, tana iya ajiye tarihin inda ka je.

Don kamfani ya yi girma ya fi kowa, shi ke nan ya yi laifi?

Girma ba laifi ba ne a kowace doka. Wanda kayansa suka fi kyau har jama'a suka koma wurinsa, Allah ya ba shi, ba wanda zai ci shi tara. Laifin yana cikin abin da aka yi da girman. A ɗauka a kasuwar Kara mutum ɗaya ne ya mallaki filin, shi ne mai sikeli, shi ne dillali, kuma yana da nasa buhunan da yake sayarwa. Duk baƙon da ya shigo sai a fara kai shi rumfarsa, rumfunan sauran kuma an tura su can bayan shanu. Yana ganin littafin cinikin kowa, ba mai ganin nasa. Haka ake zargin Google da yi a shafin bincikensa, Amazon a kasuwarsa, Apple a rumbun manhajojinsa.

Mu nan wannan tunani ba baƙo ba ne. Musulunci ya hana ɓoye kaya don su yi tsada, ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, ya hana ƙara farashi na ƙarya don a ruɗi mai saye. A zamanin Daular Usmaniyya akwai muhtasibi mai duba mudu da awo. Abin da ya canza shi ne kasuwar ta koma cikin waya, mai kasuwar kuma yana Kalifoniya, inda sarkin kasuwarmu ba ya iya aika masa sammaci.

Akwai doka a Najeriya a kan haka, ko maganar Turawa ce kawai?

Akwai, har guda biyu manya. Ta farko ita ce dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC da kotu ta musamman mai sauraron ƙorafi a kan hukuncin hukumar. Ta haramta amfani da rinjaye a kasuwa don danniya, ta haramta haɗa baki a kan farashi, kuma ta ce manyan kamfanoni ba za su haɗe ba sai da amincewar hukumar.

Ta biyu ita ce dokar kare bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar. Kafin ita akwai ƙa'idojin da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ta fitar a 2019, amma ba su da ƙarfin dokar majalisa. Sabuwar ta kafa hukumar NDPC, wadda Dokta Vincent Olatunji ke shugabanta. Ta ba ka ikon ka tambayi kamfani abin da ya riƙe game da kai, ka sa a gyara kuskure, ka nemi a goge, ka janye yardar da ka bayar. Bayanan lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zanen yatsa an ba su kariya ta musamman, bayanan yara kuma sai da yardar iyaye. Idan aka yi kutse mai haɗari ga mutane, kamfani yana da awa 72 ya sanar da hukumar. Tushen duk wannan shi ne sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya.

Mene ne ainihin labarin tarar dala miliyan 220?

Daga WhatsApp ya faro. A watan Janairun 2021 kamfanin ya turo wa masu amfani da shi sabbin sharuɗɗa da suka shafi alaƙarsa da Facebook, ya ce a amince kafin 8 ga Fabrairu. Da duniya ta yi ca, aka ɗage zuwa 15 ga Mayu. Da yawa daga cikinmu mun tuna lokacin da aka yi ta tura wa juna cewa a koma Telegram, daga baya kuma kowa ya dawo, domin dangi da abokan ciniki duk suna can. FCCPC ta buɗe bincike tare da hukumar kare bayanai, aka shafe wata 38, sannan a Yulin 2024 ta yanke hukunci: cewa Meta ta raba bayanan 'yan Najeriya ba da izininsu ba, ta hana su ikon juya bayanansu, ta yi amfani da rinjayenta ta ɗora musu sharuɗɗa, kuma ta nuna musu bambanci idan aka kwatanta da mutanen wasu ƙasashe.

Meta ta musanta, ta ɗaukaka ƙara. A Afrilun 2025 kotun gasa ta tabbatar da tarar, ta ƙara dala dubu 35 na kuɗin bincike. Ban da wannan, NDPC ma ta ci kamfanin tata tarar ta dala miliyan 32.8. Kuma ba mu kaɗai ba ne: hukumar gasa ta Indiya ta ci Meta tara a Nuwamban 2024 a kan waɗannan sharuɗɗa na 2021.

Zargin bambancin nan shi ya fi tsaya mini a rai. Sharuɗɗan da aka ba mazauna Turai sun fi namu sauƙi, ba don an fi ƙaunarsu ba, sai don suna da doka mai haƙora da hukumomin da ke aiki da ita. Wato kamfanin ya iya yin abin da ya dace, ya yi shi inda aka tilasta masa.

Ai ni da kaina na danna na yarda. Me ya shafi gwamnati?

Wata rana ina zaune a shagon wani mai sayar da waya, wani dattijo ya zo daga wajen Wurno ya sayi sabuwar Tecno. Yaron shagon ya ce, "Baba, kawo in saita maka." Ina kallon babban yatsansa yana sauka a kan allon, tap, tap, tap, shafi bayan shafi na rubutun Turanci ƙanana, bai tsaya a ko ɗaya ba. Ya buɗe masa adireshin Gmail da sunan da ya ƙirƙira nan take, ya sa masa WhatsApp da Facebook, ya ba su izinin lambobi da hotuna da wuri. Dattijon ya ce, "Yaro, mi kake ta dannawa haka?" Ya ce, "Ba komai Baba, gaisuwar waya ce." Cikin minti biyar an ƙulla yarjejeniya kusan goma da sunan mutumin da bai san an ƙulla ba.

Ko a fiƙihun ciniki, yarda tana son sanin abin da aka yarda da shi, da ikon cewa a'a. Dokar 2023 ma haka ta ce: yarda sai ta zama da son rai, a kan takamaiman abu, bayan an fahimtar da mutum, kuma shiru ba yarda ba ne. Nauyin tabbatar da cewa an samu yardar yana kan kamfani. To rubutun da ya fi ƙarfin mai digiri, cikin harshen da yawancin mutanen jihar nan ba sa karantawa, a kan manhajar da idan ka ƙi ta ka yanke kanka daga danginka da cinikinka, da wuya a kira shi yarda. A ganina, kamfanin da ya iya kawo maka talla da Hausa ya iya gaya maka da Hausa, a taƙaice, har da murya ga wanda ba ya karatu, abin da zai ɗauka daga wayarka. Da ni ne hukuma, wannan zan fara nema kafin kuɗin tara.

Gaskiya ne za su rufe Facebook da WhatsApp a Najeriya?

Bayan hukuncin kotu na 2025 an ruwaito cewa Meta ta faɗa a takardun shari'a cewa tana iya tsayar da Facebook da Instagram a ƙasar nan. FCCPC ta mayar da martani cewa ficewa ba ta wanke laifi. Ba a rufe ba. Irin wannan magana kamfanin ya taɓa yinta a Turai a kan batun kai bayanai Amurka, can ma bai fita ba. Amma wani lokaci yakan aikata rabi: a Kanada ya toshe labaran jaridu a shafukansa tun 2023 saboda dokar da ta ce ya biya gidajen jarida.

Tsoron da ya kama masu sana'a a lokacin shi kansa hujja ce a kan babakere. Idan fitar kamfani ɗaya za ta iya durƙusar da cinikin dubban mata a gari guda, to an riga an ba shi ƙarfin da bai kamata ba. Mai sana'a ya ajiye lambobin abokan cinikinsa a littafi, kada dukansu su zauna a manhaja ɗaya.

Tara tana tsorata su kuwa? Kuma ni za a ba ni wani abu daga ciki?

Ba za a raba wa kowa ba, asusun gwamnati take shiga. Wanda aka cuta shi kaɗai yana da tasa hanyar, tana cikin amsar kai ƙara. Duk saƙon da ya ce ka cike fom ka karɓi kasonka na tarar Meta, damfara ce.

Game da tsoro kuwa, a yi lissafi. Meta ta samu sama da dala biliyan 164 a 2024, wato kusan miliyan 450 a kowace rana. Tarar Najeriya cinikin rabin yini ne. Ko dala biliyan 5 da hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook a 2019, bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu Facebook don yaƙin neman zaɓe, wadda ta shafi bayanan mutum har miliyan 87, ba ta girgiza kamfanin ba. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne umarnin canza hali: daina haɗa bayanan wannan manhaja da waccan, ba mutum zaɓi na gaske, buɗe ƙofa ga abokan gasa. A nan ya kamata 'yan jarida su riƙa bibiya, ba a kan yawan sifilin da ke jikin tara ba.

Me ya sa kullum ake misali da Turai?

Saboda su suka fi daɗewa suna yi, kuma dokarmu ta 2023 ta ɗauko abubuwa da yawa daga tasu. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, da tarar da ke iya kai kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya. A ƙarƙashinta hukumar ƙasar Ailan ta ci Meta Yuro biliyan 1.2 a 2023, ta ci TikTok miliyan 345 a shekarar a kan bayanan yara. A ɓangaren gasa, ƙarƙashin kwamishina Margrethe Vestager, an ci Google Yuro biliyan 2.42 a 2017 saboda fifita nasa shafin kwatanta farashi, da biliyan 4.34 a 2018 a kan Android. Wannan na biyun ya shafi wayar da ke aljihunka: an samu Google da sharɗanta wa masu ƙera waya su sa manhajar bincikensa da Chrome, manhajarsa ta shiga intanet, kafin ya ba su rumbun manhajojinsa.

Da suka ga shari'a tana cin shekaru kafin a gama abokin gasa ya riga ya mutu, sai suka sake dabara. Sabuwar dokar kasuwannin intanet ta ware wasu kamfanoni a matsayin masu riƙe da ƙofa, a 2023 aka ambaci Alphabet mai Google, Amazon, Apple, ByteDance mai TikTok, Meta da Microsoft, aka gindaya musu abin yi da abin bari tun kafin su yi laifi. A Afrilun 2025 aka ci Apple Yuro miliyan 500, Meta miliyan 200 a ƙarƙashinta. Turai tana iya wannan ne saboda ƙasashe 27 ne da murya ɗaya, masu mutum kusan miliyan 450 masu kuɗin saye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙasashen Afirka har yanzu yawanci kowa nasa yake yi.

Amurka fa, tunda kamfanoninta ne? Me ya hana ta raba su?

Tana da tsohuwar doka, dokar Sherman ta 1890, kuma ta taɓa raba manya da ita: kamfanin mai na Standard Oil a 1911 ya zama kamfanoni 34, kamfanin tarho na AT&T ma an raba shi a 1984. Amma an daɗe kotunanta suna auna cuta da tashin farashi, abin da ake bayarwa kyauta kuwa da wuya a nuna ya yi tsada. A haka Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan biliyan 19, hukumomi suna kallo.

Daga baya suka farka. Ma'aikatar shari'a ta kai Google kotu a 2020, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya riƙe kasuwar bincike ta haramtacciyar hanya. A shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 ga irin su Apple da masu ƙera waya don ya zama shi ne ke fara fitowa. Sai dai da aka zo hukunci a 2025, alƙalin bai umarci a sayar da Chrome ba, ya tsaya a kan hana yarjejeniyar da ke kulle abokan gasa a waje da kuma raba wasu bayanai da su. Game da sirri kuwa, har yanzu Amurka ba ta da doka guda ta tarayya mai game komai, jihohi irin su Kalifoniya ne suka yi nasu.

Manhajojin bashi da ke tura wa dangi saƙon cin mutunci, wannan doka ta shafe su?

Ta shafe su, kuma a nan ne talaka ya fi jin zafin rashin kare bayanai a jikinsa. Wani ɗan yayata ya ci bashin naira dubu goma sha biyar a irin wannan manhaja, ya makara da kwana uku. Sai ga saƙo a wayar kawunmu, mutumin da ke jan salla a unguwarsu, da hoton yaron da kalmar ɓarawo a ƙasa. Yaron ya zo ya durƙusa yana rantsuwa, "Kawu, wallahi ban ba su lambarka ba." Gaskiya ya faɗa a iya saninsa. Ranar da ya sauke manhajar ta nemi izinin lambobi da hotuna, ya danna, ta kwashe duka. An biya kuɗin a ranar, amma ya yi wata bai iya zama majalisar ƙofar gida ba.

Bashi hakki ne a biya shi, amma kunyata mutum a wurin waɗanda ba su ci ba su sha ba saɓa wa doka ne. FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a Maris na 2022, ta sa aka rufe asusunsu, ta kuma wajabta musu rajista. Google ma daga 2023 ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotuna. Shi ya sa miyagun cikinsu yanzu suke turo mahaɗi ta WhatsApp a sauke su a bayan fage. Kada a sauke. A nan kuma ana ganin ɗaya fuskar girman Google: da umarni ɗaya ya yi abin da samame bai gama ba, wanda ke nuna yawan ikon da ke hannunsa.

Gwamnatin da ke cewa tana kare mu, ita ba ta tara bayananmu? Ba hanyar toshe baki ba ce?

Tambaya ce mai kyau, kuma wanda ya yi ta bai yi laifi ba. Babu kamfanin da ya riƙe abin da gwamnati ta riƙe a kanmu: zanen yatsa da hoto a NIN, da BVN, da katin zaɓe, kuma tun Disamban 2020 aka fara tilasta haɗa layi da NIN. Dokar 2023 ta hau kan hukumomin gwamnati ma, sai dai ta yi sassauci a kan tsaron ƙasa da binciken laifi, kuma ƙofa ce mai faɗi. Idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta: hukumar da ta ci Meta tara ya kamata a ga tana tuhumar ma'aikatar gwamnati da irin wannan zafin idan bayanan jama'a suka yoyo.

Kuma a bambanta tsari da toshewa. Dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan an goge wani saƙon Shugaba Buhari, ba dokar gasa ba ce, ba ta kare bayanai ba ce, kotun ECOWAS ma ta ce ya saɓa wa doka. Mu nan mun san ɗanɗanon yanke sadarwa, tun da a Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don su kira 'yan'uwansu. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: an yi bincike a fili, an ba wanda ake zargi damar kare kansa, akwai kotun da za ta iya soke hukuncin? Shari'ar Meta ta bi waɗannan matakai. Rufe Twitter da sanarwa aka yi shi.

Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne. Dokar ta hau kaina?

Idan kana riƙe bayanan mutane don sana'a, ta hau. Mai POS da ke ɗaukar hoton katin shaidar mutum, mai shagon kwamfuta da ke yi wa ɗalibai rajistar JAMB ya bar takardunsu a kan na'ura, makarantar kuɗi, ƙaramin asibiti, duk suna ciki. Abin da ka ajiye na gidanka da danginka kawai, doka ba ta bi ta kansa ba. Ga waɗanda ba manya ba tara tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na cinikin shekara, wanda ya fi yawa. Ga manya kuma miliyan 10 ko kashi 2.

Abin da ake so bai da wuya: kada ka karɓi abin da ba ka buƙata, kada ka yi amfani da shi a wani abu daban, kada ka sayar wa ɗan siyasa ko mai talla, ka goge idan aiki ya ƙare. Na sha ganin takardar da ke ɗauke da sunan mutum da lambar NIN ɗinsa an naɗe ƙosai da ita.

Idan an cuce ni, ina zan kai ƙara?

Fara da rubuta wa kamfanin, ka faɗi abin da kake so: a nuna maka bayananka, a gyara, ko a goge. Ka ajiye kwafi da kwanan wata. Idan ba su kula ba, batun bayanai NDPC ake kai wa, batun danniya ko cin mutuncin masu bashi FCCPC, dukansu suna karɓar koke ta shafukansu na intanet ba sai ka je Abuja ba. Dokar 2023 ta kuma ba ka damar zuwa kotu neman diyya. Matsalar layin waya ta hukumar sadarwa ta NCC ce, ana kiranta kyauta a 622, kuma saƙonnin talla na kamfanin layi ana tsayar da su ta tura STOP zuwa 2442.

Kafin komai, ka tara shaida. Ɗauki hoton allo na saƙon da lambar da ta turo shi da lokacin, kafin ka toshe ta ko ka goge manhajar, domin fushi yakan sa a share abin da zai tsaya wa mutum. Ka roƙi dangin da aka tura wa su ma su ajiye nasu. Sannan ka shiga saitin wayarka, wurin izinin manhajoji, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tocila ba ta da abin yi da lambobin mutanenka, manhajar lokutan salla tana iya aiki idan ka zaɓa mata Sakkwato da hannu ba sai ta bi ka duk inda ka je ba. Idan ka gama taka, karɓi ta Inna da ta Baba ka duba musu, kana gaya musu abin da kake kashewa da dalilinsa.